Gudu Nawa Ne Ya Isa? Gudun Ranar Lahadi Kaɗai Ba Zai Fisshe Mu Ba

Yau kusan shekara biyu ke nan da na karɓo wata takarda daga ɗakin gwajin jini, na tsaya a bakin titi ina jujjuya ta kamar wanda aka miƙa wa sammaci. Sukarin jinina, wanda aka auna da safe kafin in sa komai a baki, ya nuna giram 1.14 a kowace lita. Da na kai wa likita, ya duba takardar, ya ɗago ya dube ni, ya ce: "Alhaji, ba ka shiga ba tukuna, amma kana bakin ƙofa. In ya kai 1.26, aka sake aunawa aka same shi haka, to sunansa ciwon suga." Kitsen jini ma, wanda suke kira kolestarol, ya haura inda ake so. Ya ce in rage ciki, in riƙa motsa jiki.

Na ce masa: "Likita, ai ina motsawa. Tun safe nake kasuwa har Magariba." Ya yi murmushi ya ce: "A zaune ko a tsaye?" Na yi shiru. Gaskiyar magana ita ce ɗan zemijan ke ɗaukata daga ƙofar gida a Tokoin ya sauke ni a ƙofar shago a Asigame, in hau benci, yaro ya kawo koko da ƙosai, da rana a kawo shinkafa da wake ana malale da mai, da yamma a zagaya da shayi mai sukari kamar zuma. Tafiyar da nake yi a wuni ba ta wuce daga shago zuwa masallaci ba.

Abin da ya sa takardar nan ta tsorata ni shi ne yayana. Ciwon suga ya fara cin ɗan yatsan ƙafarsa, daga baya aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Mutumin da ya riƙe gida biyu, yau sai an ɗauko shi ake kai shi Juma'a. Mu mazauna Tokoin ba sai an ba mu labari ba, tunda babban asibitin koyarwa na Sylvanus Olympio a unguwarmu yake, kuma kowa ya san gidan da aka kai wani saboda shanyewar ɓarin jiki ko miki a ƙafa da ya ƙi warkewa. Ƙididdiga ma ta nuna haka. Binciken da gwamnatin Togo ta yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2010 ya gano kusan mutum ɗaya cikin biyar na manya na da hawan jini, kashi 2.6 cikin ɗari kuma na da ciwon suga. Da aka maimaita a 2021, masu hawan jini sun haura ɗaya cikin huɗu, masu suga sun kai kashi 4.9. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai ba sai an ce ka nemi ruwa ba.

Sai dai abin da ya dame ni, kowa cewa yake "ka motsa jiki", babu mai faɗin nawa. Ni kuwa ɗan kasuwa ne, in ba a gaya mini mudu nawa ba, ban san cinikin da ake yi ba. Na yi ta tambayar likitoci, na karanta abin da hannuna ya kai gare shi, na kuma gwada a jikina. Ra'ayin da na tsaya a kai shi ne: gudun da ake buƙata bai kai yadda muke zato ba, amma dole a rarraba shi cikin mako. Kuma abubuwa ukun da muke nema, wato walwalar zuciya, saukar sukari da gyaruwar kitsen jini, kowanne da farashinsa. Wanda bai san haka ba zai fara da zafi, ya auna jini bayan wata ɗaya, ya ga babu wani canji, ya ce ƙarya ce, ya koma benci.

Mu fara da mudun. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce baligi na buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, sannan kwana biyu a mako a yi abin da zai ƙarfafa tsoka. Matsakaici shi ne tafiya da sauri, irin wadda za ka iya magana da abokin tafiyarka amma ba za ka iya rera waƙa ba. Mai ƙarfi shi ne gudu, inda kalma uku ko huɗu kake faɗa kafin ka ja numfashi. Lissafin mai sauƙi ne: minti ɗaya na gudu daidai yake da minti biyu na tafiyar sauri. Ke nan mafi ƙarancin abin da ake nema shi ne gudun minti 25 sau uku a mako, ko tafiyar sauri ta minti 30 sau biyar. Minti 25 fa! Ko shayin farko ba a gama dafawa ba a majalisa.

Wanda ma bai kai wannan ba bai yi asara ba. A 2014 aka wallafa wani bincike da aka yi a jihar Texas ta Amurka, inda aka bi diddigin mutum 55,137 na tsawon kimanin shekara 15. Masu gudu sun fi marasa gudu tsira daga mutuwa a cikin waɗannan shekaru da kashi 30 cikin ɗari, daga mutuwar ciwon zuciya kuwa da kashi 45. Abin mamakin shi ne waɗanda gudunsu bai wuce minti biyar zuwa goma a rana ba, kuma a hankali suke yi, sun samu kusan ribar da masu dogon gudu suka samu. Na san wani zai ce rai na hannun Allah. Haka ne, babu mai musu. Amma wanda ya yarda da haka ai bai fasa kulle shagonsa da daddare ba.

To, a cikin ukun nan, wanda ya fi araha shi ne walwalar zuciya. Ita ce ke fara zuwa, tun a ranar farko. Masana a Jami'ar Cambridge ta Ingila sun tattara bincike 15 da suka shafi mutum sama da 190,000, suka fitar da sakamakon a 2022: masu yin tafiyar sauri ta awa biyu da rabi a mako, haɗarin su kamu da ciwon damuwa ya ragu da kashi 25 cikin ɗari. Masu yin rabin haka, wato minti 75 kacal na tafiya, ya ragu da kashi 18. Ka ga mafi yawan ribar tana cikin tashi daga zaman da ba a komai zuwa ɗan abin da ya sawwaƙa. Mu a zango ba mu cika kiran wannan cuta da sunanta ba. Sai mu ce "tunani ya yi masa yawa", ko "kasuwa ce ba ta tafiya". Ni kaina shekarar da kaya suka maƙale mini, bashi ya hau kaina, barci ya ƙaurace mini, na zama mai faɗa a gida ba gaira ba dalili. Mako biyu da fara fita bayan Asuba, maiɗakina ce ta fara lura. Ta ce: "Alhaji, kwana biyun nan ba ka yi wa yara tsawa ba, lafiya dai ko?" Gudu bai biya mini bashi ba, amma ya dawo mini da barci, kuma mai barci ya fi iya tunanin yadda zai biya.

Na biyu shi ne sukari, kuma shi abin da yake so shi ne a-kai-a-kai. Dalili kuwa, tsokar jiki ce ta fi kowace gaɓa zuƙe sukari daga jini. In tana aiki, tana jan sukarin ko da sinadarin insulin bai yi ƙarfi ba, kuma bayan an gama, jiki na ci gaba da jin maganar insulin na tsawon kwana ɗaya zuwa uku. Daga nan sai amfanin ya dishe. Shi ya sa ƙungiyar likitocin suga ta Amurka ke ba da shawarar kada a bari kwana fiye da biyu su wuce a jere ba a motsa ba.

Ga irina da ke bakin ƙofa, akwai hujja mai ƙarfi. A 2002 aka fitar da sakamakon wani gwaji a Amurka kan mutum 3,234 da sukarinsu ya hau amma bai kai ciwo ba. Aka raba su gida uku. Kashi ɗaya aka ba su maganin metformin, wanda masu suga a nan suka sani sarai. Kashi ɗaya aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. Kashi na uku aka sa su motsa jiki na minti 150 a mako, akasari tafiyar sauri, tare da ƙoƙarin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu. Bayan kimanin shekara uku, metformin ya rage kamuwa da ciwon da kashi 31, tafiya da gyaran ci kuwa suka rage da kashi 58. A cikin waɗanda suka kai shekara 60, ragin ya kai kashi 71. Kashi 7 na nauyi kuwa, ga mai kilo 90, ɗan abin da ya haura kilo 6 ne. Waɗanda ciwon ya riga ya kama ma suna da rabo: wani nazari na 2011 ya nuna masu wuce minti 150 a mako sun fi sauke matsakaicin sukarinsu na wata uku, fiye da ninki biyu na abin da waɗanda ba su kai haka ba suka sauke.

Na uku, kitsen jini, shi ne mai taurin kai. Gara a gaya wa mutum gaskiya tun farko. Kitsen nan kala-kala ne. Akwai mugun, wanda ake rubuta LDL a takardar gwaji, shi ke taruwa a jikin jijiya yana ƙuntata hanyar jini. Akwai mai kyau, HDL, wanda ke kwashe rarar ya kai hanta. Akwai kuma tirigiliserid, maiƙon da ke hauhawa in an cika sukari, gari da ƙiba. Gudu ya fi tasiri a kan tirigiliserid, yana ɗan ɗaga mai kyau, amma mugun kaɗan yake taɓawa in ba a rage nauyi an gyara tukunya ba. Wani nazari na 2007 da ya haɗa gwaje-gwaje 25 ya gano cewa kafin mai kyau ya motsa, sai an yi aƙalla minti 120 a mako, kuma ƙarin da ake samu ɗan kaɗan ne, kusan miligiram biyu da rabi a kowace desilita. A Jami'ar Duke ta Amurka kuma, a 2002, an gwada masu ƙiba da ba sa motsa jiki: waɗanda suka yi kwatankwacin sassarfar kilomita 32 a mako sun fi waɗanda suka yi kilomita 19 ganin gyara, kuma yawan tafiyar ya fi saurinta muhimmanci. Saboda haka wanda likita ya ɗora kan maganin kitsen jini irin statin, wanda ke iya sauke mugun kitse da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, kada ya ajiye shi don ya sayi kambas. A haɗa biyun.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Duk wanda ya taɓa fita bakin teku a Lome ranar Lahadi da sassafe ya ga ikon Allah. Jama'a ƙungiya-ƙungiya, maza da mata, wasu da ganga da ƙararrawa, suna gudu suna waƙa a kan yashi da gefen titin Mono. Abu ne mai kyau, kuma samarinmu na zango da yawa sun shiga. Sai dai akasarinsu a nan suke tsayawa. A yi awa biyu ana haki ranar Lahadi, a rufe da koliko da lemon kwalba mai sanyi, sannan a koma kan babur da benci har wata Lahadin. Da babu gara ba daɗi, ban ce a bari ba, zuciya na amfana. Amma ga mai neman sauke sukari, amfanin gudun Lahadi ya ƙare kafin Laraba, sauran kwanakin jiki ya koma gidan jiya. Ga shi kuma mai shekara arba'in da ya kwana shida a zaune, ya tashi rana ɗaya ya zabga gudu a yashi, shi ne ke dawowa da ciwon gwiwa da na agara. Da awa biyun nan an yanka su gida huɗu, an watsa su cikin mako, da an fi cin riba da jari guda.

Mu manya kuma, matsalarmu ba lokaci ba ne, kunya ce. Ranar da na fara sassarfa a gefen tafkin da ya raba Tokoin da tsakiyar gari, wani dattijon maƙwabcina ya tare ni a hanyar dawowa, ya ce: "Alhaji, lafiya? Wa ya biyo ka?" A wurinmu babba ba ya gudu sai da dalili, tumbi kuma shaidar rufin asiri ne. Na ce masa: "Baba, suga ce ta biyo ni." Ya yi dariya har da riƙe ciki. Bayan wata uku sai ga shi yana jirana a ƙofar masallaci da takalmin roba, shi tafiya yake yi, ni ina sassarfa in dawo in same shi.

In don girma ne, wa ya kai Manzon Allah (SAW) girma? Ya tabbata a ruwayar Abu Dawud cewa ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA), ta tsere masa, bayan wasu shekaru da jikinta ya yi nauyi suka sake, ya tsere mata. In kuma don al'ada ce, mu tuna ma'anar sunan unguwarmu. Zango wuri ne da fatake ke sauke kaya su huta bayan sun wuni suna tafiya. Kakanninmu da ƙafa suka riƙa ratsa daji tsakanin Kano da Salaga, watanni a hanya, suna kai kanwa da tufafi suna dawowa da goro. Ko a nan Lome, kafin a rushe tsohon Zango a 1977 a mayar da jama'a can arewacin gari, wajen da ake kira Agoe-Zongo yanzu, iyayenmu da ƙafa suke zuwa babbar kasuwa su dawo. Mun gaji tuwonsu da furarsu da hutunsu, tafiyar ce muka bari.

Maganar mata ita ce ta fi damuna. Su ke wuni a zaune a gaban kasko ko teburin sana'a, su ke haihuwa jiki ya buɗe, kuma su ne aka fi sa wa ido in sun fita. Babu wanda ya ce sai mace ta sa gajeren wando ta shiga ayarin bakin teku. Wani babban nazari na 2013 a Amurka, da ya kwatanta masu gudu sama da 33,000 da masu tafiya kusan 16,000, ya gano in ƙarfin da aka kashe ya zo ɗaya, tafiyar sauri na rage haɗarin hawan jini, kitsen jini da suga kusan daidai da gudu. Bambancin kawai, mai tafiya na buƙatar ƙarin lokaci. Mata uku ko huɗu na gida ɗaya, da hijabansu, su zaga unguwa na minti 30 bayan Asuba, wane laifi suka yi? Maigidan da ya hana wannan, ya shirya biyan kuɗin magani na kowane wata har ƙarshen rayuwa.

Sai dai a yi hattara, kada garin neman gira a rasa ido. Wanda ke jin ciwon ƙirji, ko numfashinsa na sarƙewa in ya hau bene, ko yana da ciwon zuciya ko hawan jini da bai daidaita ba, ya ga likita kafin ya fara. Mai allurar insulin ko mai shan irin su glibenclamide, sukarinsa na iya faɗuwa ana cikin tafiya, sai ya riƙe dabino ko ƙwayar sukari a aljihu. Mai suga kada ya yi gudu ba takalmi ko a yashi ne, kuma ya duba tafin ƙafarsa kullum ya dawo, domin ƙaramin ƙurji ne ya kai yayana inda yake. Zafin Lome da gumi ba abin wasa ba ne, a fita kafin rana ta ɗaga, a sha ruwa. Da azumi a mayar da shi bayan buɗa-baki ko bayan Tarawihi. Sabon shiga kuma ya fara da minti ɗaya na sassarfa, minti biyu na tafiya, ya maimaita har minti 20, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan duk mako. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai wata dabara da ba ta cin ko dala. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci na rage hauhawar sukarin da ke biyo bayan cin. Ni abin da na yi, na bar masallacin ƙofar gida a sallar Isha'i, na koma wani da ke da nisan minti goma sha biyu. In na ci tuwon dare sai in taka, in yi salla, in tako in dawo. Ga lada, ga lafiya.

Mai karatu zai so ya ji yadda ta kaya da ni. Ina sassarfar minti 25 zuwa 30 ranakun Talata, Alhamis da Asabar, ga tafiyar Isha'i kullum, na kuma rage sukarin shayi da soye-soye. Bayan wata takwas na sauke kilo 6, sukarin safe ya dawo giram 0.98. Tirigiliserid ya sauka sosai. Mugun kitse kuwa da ƙyar ya gusa, har likita ya ɗora ni kan ƙwaya ɗaya da daddare, kuma ina sha ban fasa ba. Da ban san farashin kowanne ba tun farko, da wannan sakamakon na ƙarshe ya karya mini gwiwa.

Roƙona ga limamanmu shi ne su ware ko da minti biyar a wa'azin bayan Asuba su faɗa wa jama'a waɗannan alƙaluma, domin maganar da liman ya faɗa ta fi ta likita shiga kunne a zango. Ƙungiyoyin samarinmu da ke tara kuɗin biki da na Mauludi, su sa rana uku a mako ta fita tare, su kuma ja iyayensu. Masu hali su haɗa kuɗi su sayi na'urar auna sukari da ta hawan jini a ajiye a masallaci, a samu ma'aikacin lafiya daga cikin 'ya'yanmu ya riƙa auna mutane wata-wata. Kai kuma ɗan'uwa da ke karanta wannan a waya kana zaune kan benci, je ka auna jininka ka san inda kake, sannan gobe in an sallame Asuba kada ka koma shimfiɗa. Ka taka minti goma ka juyo. Jibi ka ƙara biyu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma Ya ba mu ikon kula da wadda Ya ba mu amana.